Amsar Kawu Kan Tafiyarka Japan

Ɗana Sadisu, saƙonka ya iso. Ka ce wurin aikinku za su tura ka Nagoya ganawa da dillalan kayan gyaran mota, kana tambaya ko dole ne ka rusuna musu, da kuma tsarabar da za ka kai. To, ka tambayi ƙanana ka bar babban.

Rusunawar, ojigi suke ce mata, gaisuwa ce kamar yadda kake durƙusa wa kakarka. Hawa-hawa ce: ɗan sunkuyawa ga abokin aiki, a ƙara ga baƙo, mai zurfi sai wajen ban haƙuri ko babbar godiya. Na san tsoronka kada ta yi kama da ruku'u. Ni dai kaina kawai nake ɗan sunkuyarwa, ba wanda ya taɓa ɓata rai. Hukuncinta kuwa, malaminka ya fi ni sani.

Katin suna, meishi, ka miƙa naka da hannu biyu, ka karɓi nasu da hannu biyu, ka karanta, ka ajiye a gabanka kan tebur har a tashi. Kada ka yi rubutu a kai, kada ka cusa shi aljihun wando. Ka kira mutum da sunan gidansu ka ƙara "san". Kujerar da ta fi nisa da ƙofa ta babba ce ko ta baƙo, sai ka jira a nuna maka wurinka.

Babban abin shi ne kalmar "hai", wato "eh" a harshensu. Zuwana na farko na yi ta zuba bayanin farashi, mutumin yana ta "hai, hai". Na koma masauki na buga wa abokin cinikina a Kano cewa magana ta ƙare. Ashe nufinsa "ina jin ka" ne kawai! Da ya ja iska ta haƙora ya ce abin da wuya, a nan ya ce min a'a, ni ne ban gane ba. Kara ce irin tamu, yadda dattijo zai ce maka "sai mun duba" alhali ya gama dubawa. Kuma wanda ke gabanka ba shi kaɗai ke yanke magana ba. Sai an bi kowa a gefe an shawo kansa, abin da suke kira nemawashi, wato haƙa gewayen saiwar bishiya kafin a dasa ta wani wuri. Sannan takarda ta zagaya kowa ya buga hatiminsa. Gaggawar Kantin Kwari ba ta aiki a can.

Lokaci kam ba wasa. Taron ƙarfe 10, ka isa saura minti 5 ko 10.

Tsaraba, kada ka ɗauki kilishi, ba a barin nama ya wuce filin jirginsu. Ka nemi aikin fata mai kyau, a naɗe shi tsaf, kada ya zama guda 4, don furucin lambar ɗaya ne da na mutuwa a harshensu. In an gayyace ka cin dare ka je, a nan ake sakin jiki. Ka ce ba ka shan giya, shayin oolong ya ishe ka. Ka tambaya ko da alade ko mirin, wato giyar shinkafa ta girki, a abincin, kuma kada ka kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, matattu ake yi wa haka.

Akwai masallaci a Nagoya, Juma'a ba za ta wuce ka ba. Ka sayi safa sababbi, don cire takalmi za ka yi ta yi. Ka gaishe da mahaifiyarka.