Tambaya da Amsa: Mun Yashe Kwata, Ruwa Ɗaya Ya Sake Toshe Ta

Tambaya: Assalamu alaikum. A layinmu duk Asabar ɗin ƙarshen wata matasa suna yashe kwata, amma da an yi ruwa sau ɗaya sai ta sake cikewa, ruwan kuma baƙi ƙirin ga wari. Ina kuskuren yake? Daga wani magidanci a Fagge.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka wa matasan nan da alheri. Kuskuren da aka fi yi shi ne tara dagwalon a bakin kwata a watse, ruwa na sauka ya mayar da shi inda aka kwaso shi. A bar shi ya tsane kwana ɗaya ko biyu, a ɗura a buhu, a tura a baro zuwa inda motocin REMASAB, wato hukumar tsaftar muhalli da kwashe shara ta jihar Kano, ke kwashe shara. A fara yasa daga ƙasa, wato inda ruwa ke fita, a yi sama, a kuma zura dogon ƙarfe a ƙarƙashin kwalbati, don can ledar fiya wata da robobi ke cunkushewa. Kada yaro ya shiga ba takalmin roba da safar hannu.

Kowane gida ya sa raga ta ƙarfe a bakin wuriyarsa, mai ramuka kamar santimita 1, a riƙa kakkaɓe ta bayan kowane ruwa. Yashin gini da aka jibge a titi a kewaye shi da bulo a rufe, shi ne ke kwantawa ya cinye zurfin kwata.

Baƙin ruwan kuwa daga gidaje da garejoji yake, kuma nan abin ya fi damunmu. Ruwan kwatar Fagge babu mai tace shi. Kogin Jakara yake faɗawa ya nufi dam ɗin Wasai a Minjibir, a hanya kuma manoman rani suna ban ruwan latas da alayyafo da kabeji da shi, mu saya a kasuwa. Saboda haka mai buɗe bututun masai cikin kwata idan hadari ya haɗo, ko mai juye shara wai ruwa ya tafi da ita, yana taimakon cutar amai da gudawa ne. Masai idan ya cika a kira motar yasa. Baƙin mai kuma bakanike ya tare shi a faranti ya juye a jarka mai murfi, akwai masu saye. Wanda ya zube a ƙasa a barbaɗa masa yashi ko dusar katako a kwashe, kada a kora da ruwa.

Sai rage yawan ruwan da ke fita daga gida. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 30, yana zubo lita 3,000, wato durom 15 masu lita 200. A bar zubin farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sannan a tara indararo a durom ko tanki don wanki, a rufe ruf saboda sauro. Mai fili kada ya dafe tsakar gida da siminti gaba ɗaya. Ya haƙa ramin da ruwan sama zai riƙa shiga ƙasa ta tsotse shi, mai faɗin mita 1 da zurfin mita 1.5, ya cika da fasassun bulo da tsakuwa, nesa da tushen gini da aƙalla mita 5, musamman ginin ƙasa. Kafin a cika shi a gwada zuba ruwa: idan ya kwana bai tsotse ba, ƙasar wurin ba ta dace da ramin ba, a tsaya a kan tanki.