Ga 'yar'uwar da ta ce ta kasa yafewa

Salama gare ki, 'yar'uwa. Kin ce kina cikin ƙungiyar mawaƙa, kina fitar da zakka, ba kya wasa da addu'a, amma akwai wadda ta ɓata miki suna, kin kasa yafe mata, ko gaisawa ba kwa yi. Tambayarki ita ce ko Allah zai dubi sauran hidimar ya ƙyale wannan guda ɗaya.

Ba zan ɓoye miki ba, ba na ganin haka. Ki buɗe 1 Sama'ila sura 15. Sarki Saul bai ƙi zuwa yaƙi da Amalekawa ba, ya je, ya kuma ci nasara. Sai dai, maimakon ya hallaka kome kamar yadda Allah ya umarta, ya bar sarkinsu Agag da rai, ya ware kyawawan tumaki da shanu. Da annabi Sama'ila ya iso, Saul da bakinsa ya ce ya cika umarnin Ubangiji, alhali kukan tumakin yana tashi a bayansa. Hujjarsa ma ta ibada ce, wai hadaya za a miƙa da su. A nan ne, aya ta 22, Sama'ila ya faɗa masa cewa biyayya ta fi hadaya. Abin da ke ba ni tsoro a labarin nan shi ne mutum yana iya yin aikin Allah da yawa don kada ya kalli wurin da Allah ke nuna masa da yatsa. Na daɗe cikin zumuntar mata, na ga haka da idona: wadda ta fi kowa zuwa da wuri, ita ce kuma ke sauya kujera in wance ta zauna kusa. Miki ne aka rufe da sabon zane, yana nan yana ci.

Yesu bai bar mana ƙofar gudu ba. A Matiyu 5:23-24, in ɗan'uwanki ne ke da magana a kanki, ki ajiye baikonki a gaban bagade ki fara shiryawa da shi. A Markus 11:25 kuwa, in ke ce mai riƙon, ki yafe sa'ad da kika tsaya addu'a. Ko ta wane gefe kike, maganar ta same ki.

Kada ki ji wannan ki ɗauka cetonki ne kike saya da biyayya. Afisawa 2:8-9 ta gama wannan zance, ta wurin alheri aka cece mu. Muna yafewa ne domin an riga an yafe mana. Ki tuna bawan nan na Matiyu 18 da aka yafe wa bashin talanti 10,000, wato kuɗi masu ɗimbin yawa, ya fita ya shaƙe abokin aikinsa a kan dinari 100. A wancan zamani dinari ɗaya ladan yini guda ne, ke nan bashin dinari 100 ɗin ma ba wasa ba ne. Abin da aka yi miki ma ba wasa ba ne, ban raina zafinsa ba. Amma ki ajiye shi kusa da wanda aka ɗauke miki.

Na san abin da za ki ce: zuciyar ta ƙi. Ni ma an taɓa yi mini ƙazafi, daga bakin wadda na ɗauka tamkar ƙanwa. Da na jira sai na ji sanyi a rai kafin in yi biyayya, da har yau ina jira. Abin da na yi shi ne umarnin Matiyu 5:44, na fara ambaton sunanta a addu'a, ina roƙa mata alheri. Da fari sunan ma da ƙyar yake fita. An ɗauki lokaci kafin in ji labarinta gabana bai faɗi ba. Kutare 10 ɗin nan na Luka 17 ba su warke a tsaye ba, Yesu ya ce su je su nuna kansu ga firistoci, suna cikin tafiya ne suka tsarkaka.

Wani abu kuma da ake yawan cakuɗawa: yafewa daban, mayar da amana daban. Dauda ya bar Saul, mai neman kashe shi, da rai har sau 2, amma bai koma gidansa da zama ba. Ba dole ki sake gaya mata asirinki ba. Romawa 12:18 ma cewa ta yi mu zauna lafiya da kowa gwargwadon abin da ke hannunmu. In kin gaishe ta ta kau da kai, nata ne.

A makon nan ki sa ta a addu'a kullum, ran Lahadi kuma ki riga ta gaisuwa. In kin ga ba za ki iya ke kaɗai ba, ki nemi matar fasto ko wata dattijuwa mai riƙe magana ta zauna da ku. Ina yi miki addu'a.