Ya ce min "insecure", me yake nufi?

'Yar'uwa, kin ce saurayinki ya kira ki "insecure" don kin tambaye shi wace ce ke kiransa da tsakar dare. Tushen kalmar Latin ne: "securus" shi ne wanda ba shi da damuwa, "in" ɗin da ke gaba kuma ta kore ma'anar. Wato wanda hankalinsa bai kwanta ba.

Idan aka faɗe ta a kan mutum, ana nufin bai yarda da kansa ba. Kullum gani yake bai isa ba, yana fargabar a guje shi. Kamar macen da za ta ɗora hoto a WhatsApp, bayan minti biyar ta goge don ba wanda ya yaba, ko namijin da ransa ke ɓaci don albashin matarsa ya fi nasa. Asalinta ba zagi ba ce. Masana halayyar ɗan Adam na amfani da ita kan yaron da bai samu natsuwa wurin mai renonsa ba. Abin da ke damuna shi ne wasu samari sun mai da ita hanyar rufe wa mace baki. Tambaya ɗaya ba ta isa a liƙa miki wannan suna ba, kuma kina da haƙƙin jin amsa.

A kan wuri ko abu kuwa, rashin tsaro ake nufi: hanyar da ake fashi, aikin da za a iya sallamar ki gobe, shafin intanet da bai kare kalmar sirrinki ba. Ita ce ta haifi "insecurity" da jaridun Najeriya ke yawan rubutawa kan Zamfara.