Amsa: Laifin mai kamfani ne ko na ma'aikaci?

Ɗan'uwa, da farko Allah ya ba ƙanenka lafiya. Ka ce injin casar shinkafa ya kama masa hannu, mai kamfanin kuma ya ce shi ya jawo wa kansa tunda da riga mai faɗin hannu ya shiga aiki.

Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, amma bai faɗe ta duka ba. Wanda duk ya taɓa tsayawa gefen bel yana gudu ya san ko bakin hannun riga ya taɓa, sai ya ja mutum. Sakaci ne, ba musu. To amma ina murfin bel ɗin? Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta killace sassan inji masu haɗari. Na sha ganin an cire murfi don gyara, an jingine shi a bango, wata uku yana shan ƙura. Wa ya ba yaron kayan aiki? Wa ya koya masa inda ake kashe injin?

Batun diyya kuwa daban ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, daga aljihunsa, ba daga albashinsu ba. Dole ƙanenka ya sanar da kamfanin cikin kwana 14 da faruwar haɗarin, a rubuce ya fi, su kuma su kai rahoto NSITF cikin kwana 7.

Ku adana takardun asibiti da rasit, in kuma bel ɗin ba murfi, ku ɗauki hoton injin tun ba a mayar da murfin ba.