Hajiya mai yaji, takardar Abuja ba ta tsallake iyaka

Hajiya, wallahi tambayarki ta fama min tsohon miki. Kin ce kina da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kin yi rajistar tambarin yajinki a nan Abuja, yanzu wani zai riƙa kai miki kaya Kamaru, ko hakan ya wadatar? Bai wadatar ba, 'yar uwa. Ta CAC sunan kasuwanci ce kawai, ta tambari kuwa ƙarfinta a iyakar Najeriya ya tsaya.

Ni turaren wuta da humra nake yi, shagona na Wuse. Mutumin da ke kai min kaya Yamai ba baƙo ba ne, matarsa har sunan autata ta zo. Ashe ya ɗauki sunan kayana da zanen kaskon da ke jikin kwalbar, ya yi musu rajista da sunansa a OAPI, ofishin rajistar tambari na haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka da ke Yawunde. Rajista guda a can ta haɗe ƙasashe 17, har da Nijar, Kamaru, Chadi, Benin da Togo. Duk ya kwashe su lokaci ɗaya. Sai ga takarda da Faransanci daga lauyansa, sai da na nemo mai fassara, wai ni ce ke kwaikwayon kayansa! Ni da na haɗa turaren da hannuna. Na kira shi jikina na rawa, ya ce, "Haba Hajiya, ai taimakonki na yi, kada wani ya riga mu." Daga baya ya fito da maitarsa fili, kaso yake so a kowane katan. Har yau in na gan shi a taron biki sai abinci ya fita raina. Allah ya isa.

Kada ki bari kwalba ko ɗaya ta fita sai kin shigar da takardunki, da sunanki, ta hannun wakilin da OAPI ta amince da shi, ba ta hannun dillalinki ba. Can wanda ya riga shigarwa shi ake fara saurara. In rajistarki ta nan ba ta wuce wata 6 da shigarwa ba, yarjejeniyar Paris ta ƙasa da ƙasa ta ba ki damar OAPI ta ƙirga miki daga ranar da kika shigar a nan, ki yi hanzari. A rukunan kaya na rajistar tambari, yaji rukuni na 30 ne, namu na turare na 3.

Masu cewa fom ɗaya na tsarin Madrid, wato rajistar tambari ta ƙasa da ƙasa, zai rufe miki duniya, Najeriya ba ta cikinsa. Ghana ma daban take, ba ta OAPI. Rajistar OAPI shekara 10 take yi, tamu ta nan 7 ce da farko.

Kuma don Allah ku rubuta yarjejeniya da mutumin da zai kai miki kayan, ko ɗan ɗakinku ne, a sa cewa tambarin naki ne. Ki adana rasidai da hotunan leda na farko, su lauyana ya fara tambayata.