Filin Tambaya da Amsa: Ana iya haɗa binciken mutane daban-daban wuri guda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun kiwon lafiyar jama'a, kuma kundin kammala karatuna a kan shaye-shayen ɗalibai ne. Malamina ya ba ni wani aikin Amurka da ya haɗa bincike 24 a kan rage shan giya tsakanin ɗaliban jami'a. Yaya ake haɗa aikin da mutane daban-daban suka yi? Zan iya ɗora sakamakonsu a kan namu? Daga wata ɗaliba, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Aikin da ke hannunki sunansa Project INTEGRATE, Eun-Young Mun ce ta jagorance shi daga Jami'ar Rutgers, aka buga bayaninsa a 2015. Ɗalibai 12,630 ne a ciki.

Tsohuwar hanyar, wadda masanin lissafi Gene Glass ya raɗa wa suna meta-analysis a 1976, ita ce a ɗauki sakamakon ƙarshe na kowane bincike a auna su tare. Su kuwa masu Project INTEGRATE sai suka bi masu binciken ɗaya bayan ɗaya, suka karɓo ɗanyun amsoshin kowane ɗalibi, suka sake lissafi daga tushe. Wannan ya fi wahala nesa ba kusa ba, amma ni na fi yarda da shi.

Wahalar tana wajen ma'auni. Kin san mai sayen gero da tiya a kasuwar Maradi ba zai tara lissafinsa da na mai awo da mudu a Jibiya ba, sai ya mayar da su awo ɗaya. To, wani binciken ya tambayi abin da ɗalibi ya sha a watan da ya wuce, wani ya ce wata uku. Illar shan ma kowa da takardarsa: RAPI tambaya 23 ce, AUDIT ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa 10. Idan aka tsallaka ƙasa abin ya ƙara dagulewa, domin awo ɗaya na giya a Amurka giram 14 ne na tsantsar barasa, a Ingila 8. Sai an lalubo tambayoyin da suka zo iri ɗaya a takardun, an yi gada da su, kafin a tara.

Akwai kuma ɗaliban da ba su sha ko ɗigo. Idan sifili ya yi yawa, matsakaicin lissafi ya zama yaudara. Shi ya sa suka raba tambayar gida biyu: ya sha ko bai sha ba? In ya sha, nawa?

Da aka gama, sai aka ga amfanin gajerun zaman nasihar da ake yi wa ɗalibai don su rage sha bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Ba abin mamaki ba ne, don binciken da ya yi nasara shi ya fi saurin shiga mujalla, wanda bai yi ba ya kwana a durowa.

Tambayarki ta biyu, amsata a'a ce. Ɗauki dabarar, ki bar musu alƙalumansu. Shirin BASICS da Alan Marlatt da abokansa suka tsara a Jami'ar Washington yana nuna wa ɗalibi cewa abokansa ba su sha kamar yadda yake zato. A can ana sha a fili, har da alfahari. Yaronmu na nan da ke sha ya riga ya san shi ne saniyar ware, a ɓoye yake yi, don addini ya haramta kuma gida ba za a ɗauka ba. Sifilin da za ki gani a takardarki, wani na gaskiya ne, wani na kunya. Sannan in kin tsaya kan giya kaɗai, tramol ya wuce ki, alhali iyayen garin nan shi suka fi kuka da shi.

Saboda haka kada a rubuta suna, kowa ya jefa takardarsa a kwali rufaffe, kuma kada mai rabawa ya zama wanda ya san mahaifin yaro. In kina da abokan karatu a Damagaram ko Tawa masu irin wannan aiki, ku zauna tun yanzu ku tsayar da tambayoyi iri ɗaya da tsawon lokaci ɗaya, a Faransanci da Hausa, kafin kowa ya fita raba takarda.