Maganin ciyawa mai ƙonewa da mai bin saiwa

Malam, ka tambaya me ya sa ka yi feshi tofa ta bushe, bayan sati biyu kuma ta sake tsiro. Mai ƙonewa ka saya, irin Paraquat. Shi ganyen da ya taɓa kawai yake kashewa, saiwa tana nan da ranta a ƙasa. Tofa da ƙiri-ƙiri sai mai bin saiwa, wato Glyphosate: ganye ya sha, ya gangara har ƙasa. Ka yi haƙuri da shi, yakan kai sati ɗaya zuwa biyu kafin ciyawa ta yi rawaya, kuma kada ka fesa in hadari ya haɗu. Paraquat kuwa guba ce marar makari, don Allah kada a zuba ta a kwalbar lemo.